Wai Jason ne mai kisa a fim na farko?

Masu son fina-finan ban tsoro sun daɗe suna cewa tun fim na farko a jerin fina-finan Friday the 13th Jason ke kisa da takunkumin nan na 'yan wasan hoki. Ba laifinsu ba ne, hotonsa ne ko'ina. Amma a na farkon, na 1980, mamansa Pamela ce ke kisan, tana ɗaukar fansar ɗanta da aka ɗauka ya nutse a tafki saboda sakacin masu kula da yara, sai a na biyu 1981 Jason ya fara kisan, kuma buhu ya rufe kai da shi, takunkumin sai a na uku 1982.

In kuna son tabbatarwa ku kalle su bi da bi, ku duba shekarar kowanne, kar ku dogara da hoton tallan fim. Don Allah a tura wa sauran masoya.