Karatun kemistirin polima da kayan kabon masu aiki a jami'a: tambayoyi da amsoshi

Mene ne polima, har da za a ware masa fanni guda?

Doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka riƙe juna, dubbai a jere. Leda, nailan da roba duk polima ne, haka ma sitaci da furotin. A 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya ce irin wannan sarƙa gaskiya ce, manyan masana na lokacin suka yi ta ja da shi. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Masana'antu kuwa ba su jira an gama gardamar ba, domin tun 1907 Leo Baekeland ya haɗa robar Bakelite.

To, me ake nufi da "masu aiki"?

Nan ne fannin ya fi daɗi. Akwai robar da ake yi don a zuba ruwa ko a naɗe kaya, akwai kuma wadda ake tsarawa don ta ɗauki lantarki, ta fitar da haske, ta sauya launi, ko ta riƙa sakin magani a jiki kaɗan-kaɗan. Da can kowa ya san roba ba ta ɗaukar wuta, shi ya sa ake rufe waya da ita. A 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka turara wa wata polima mai suna poliasetilin sinadarin aidin, sai ƙarfinsa na ɗaukar lantarki ya ninka sau miliyoyi. Sirrin yana cikin sarƙar kanta: ɗaurin kabon guda, sai ɗauri biyu, sai guda, a jere, wanda ke ba ilektron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, hanyar wucewa. Sun karɓi Nobel a 2000. A 1987 kuma Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka yi fitilar OLED mai inganci ta farko, fitila ce mai fitar da haske daga kayan kabon, irin wadda yau ke haska fuskar wayoyi da talabijin masu yawa.

Waɗanne darussa ɗalibi zai ci karo da su?

Kemistirin kabon shi ne tushe, babu kewaye shi. Sai kemistirin da ya jiɓinci zafi da saurin haɗuwar sinadarai, da lissafi, da fizis ɗin haske da lantarki. Masu gudun fizis su ji da kyau: ba za ka tsara abin da zai fitar da shuɗin haske ba in ba ka san dalilin da launi ke fitowa ba.

Akwai abin da ke rikita sababbin ɗalibai. Ƙwayar ruwa nauyinta ɗaya ne kullum, amma a cikin polima wata sarƙa gajera ce, wata doguwa, don haka matsakaicin nauyi ake aunawa, da yadda tsawon ya bazu. Na'urar GPC ke wannan aiki, NMR ta nuna tsarin ƙwayar, DSC kuma ta faɗi zafin da abu mai tauri kamar gilashi zai fara laushi.

Karatun yana da wuya?

Haddar ba ita ce wahalar ba, haƙurin ɗakin gwaje-gwaje ne. Haɗa sinadari na iya ɗaukar yini, tsarkake shi ya ci mako. Wasu abubuwan ɗigon danshi ko iska kaɗai ke lalata su, sai an yi aiki a cikin rufaffen akwati mai iskar naitrojin ko argon. A ganina, wanda ba ya son rubuta duk abin da ya yi a littafin gwaji zai sha wuya fiye da mai raunin lissafi.

Ina aikin yake bayan kammalawa?

Kamfanonin fenti, gam, magunguna, batir da kayan lantarki. Mai son jagorantar bincike galibi sai ya ƙara da digiri na biyu ko na uku.

Ba ƙara wa duniya sharar roba ake koya ba?

Tambayar tana kan hanya, kuma yanzu ta shiga manhaja. Ana koyar da yadda ake warware robar kwalba ta PET ta koma ƙwayoyinta na asali a sake haɗa ta. Ana kuma nazarin robar PLA da ake samu daga sitacin tsirrai, wadda ake tallata ta da cewa tana ruɓewa, alhali sai da zafi da danshin wurin yin taki na masana'anta take ruɓewa da wuri. A cikin teku tana daɗewa.