Faifan wasannin pank na farko da aka ɗauka a gaban 'yan kallo

Faifan wasannin pank na farko su ne sautin da aka naɗa a ƙananan gidajen rawa da zaurukan taro na Amurka da Birtaniya, galibi tsakanin 1973 da 1978, lokacin da kiɗan pank ke tasowa. Pank reshe ne na kiɗan rok, mai gajerun waƙoƙi da sauri da ƙarar jita, wanda matasan da ba su ƙware sosai a kayan kiɗa ba suka fi rungumarsa. Wasu faifan kamfanoni ne suka ɗauka da izini. Da yawa kuwa ɗan kallo ne ya shiga da rikoda a aljihu, ko mai kula da na'urar sauti ya jona kaset, daga baya aka riƙa kwafa hannu zuwa hannu ko a buga faifan bayan fage a sayar. Sautin yawanci ba shi da tsabta, amma a nan ake jin yadda ƙungiyoyin suke kafin situdiyo ya gyara su.

A Amurka, faifan da aka fi ambata shi ne Metallic K.O. na Iggy Pop da ƙungiyar Stooges. An ɗauke shi a Michigan Palace da ke Detroit, a wasannin Oktoban 1973 da na 9 ga Fabrairun 1974, wanda daga shi ƙungiyar ta watse. Kamfanin Skydog na Faransa ya fitar da shi a 1976. Iggy na zagin jama'a, su kuma suna jifan dandamali da duk abin da hannunsu ya kai, har ana jin ƙarar kwalabe suna fashewa cikin kiɗan. Samarin Landan da ke shirin kafa nasu ƙungiyoyin sun saurare shi sosai.

A New York kuwa, cibiyar ita ce gidan rawa na CBGB a titin Bowery, wanda Hilly Kristal ya buɗe a 1973, kuma ƙungiyar Ramones ta fara hawa dandamalinsa a Agustan 1974. Abin mamaki, faifan Live at CBGB's da ya fito a 1976 ba shi da Ramones, ba Television, ba Blondie, ba Talking Heads, wato ƙungiyoyin da suka fi yin suna a gidan. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai ɗauka Tuff Darts da The Shirts ne taurarin gidan.

Mafi armashi wajen mai binciken tarihi shi ne faifan The Roxy London WC2. Gidan Roxy da ke titin Neal a unguwar Covent Garden ya yi kimanin kwana ɗari kacal a hannun Andrew Czezowski, daga farkon 1977 zuwa Afrilu. Mike Thorne ya ɗauki wasannin, kamfanin Harvest ya fitar da faifan a shekarar. A ciki akwai Wire da X-Ray Spex da Adverts da Buzzcocks da Eater, wasunsu ba su taɓa fitar da faifai ba a lokacin. Thorne bai tsaya a dandamali ba, ya dasa makirufo a lungunan gidan har da banɗaki, saboda haka tsakanin waƙa da waƙa ana jin hirar matasa da gardamarsu da dariyarsu. A gidan ne Don Letts ke saka faifan rege, domin faifan pank ɗin da ake da su ba su isa cika dare ba, kuma shi ya ɗauki hotunan wasannin da ƙaramar kyamara.

Ta fuskar kiɗa, Sex Pistols ne suka fi nuna amfanin irin waɗannan faifai. Kundinsu guda na situdiyo, wanda ya fito a Oktoban 1977, an jera masa sautin jita kashi a kan kashi, kuma mai jitarsu Steve Jones ne ya kaɗa yawancin jitar bas, domin mai bas ɗinsu Glen Matlock ya bar ƙungiyar tun Fabrairu. Mai son jin mutum huɗun asali suna kiɗa tare, dole ya koma ga abin da aka naɗa a 1976, kamar wasan Burton-on-Trent na Satumba. Wasansu na ƙarshe a wancan zamanin, a Winterland da ke San Francisco ranar 14 ga Janairun 1978, shi ma yana nan, har da tambayar da mawaƙinsu Johnny Rotten ya yi wa 'yan kallo ko sun taɓa jin an cuce su, kafin ya yar da makirufo.

Wani lokaci darajar faifai sai daga baya take bayyana. Short Circuit, da aka ɗauka a Electric Circus na Manchester a Oktoban 1977, yana ɗauke da waƙa guda ta wasu samari da ake kira Warsaw. Kafin faifan ya fito a 1978 sun sauya suna zuwa Joy Division, ƙungiyar da ta shahara daga baya.

Sai dai ba kowane faifai ne shaidar da za a karɓa ido rufe ba. It's Alive na Ramones, da aka ɗauka a Rainbow Theatre na Landan a daren 31 ga Disamban 1977, yana da waƙa 28 cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma masu sharhi na saka shi cikin mafi kyawun irinsa. Amma Marky Ramone, wanda ya shiga ƙungiyar daga baya, ya ce an sake naɗar yawancin kiɗan a situdiyo, ganga ce kawai aka bari yadda take. Kaset ɗin bayan fage ma da nasu aibin: wani an rubuta masa kwanan wata na kuskure, wani an haɗa wasanni biyu a matsayin ɗaya, wani kuma batirin rikoda ya yi sanyi ana cikin ɗauka, sai waƙar ta fito da saurin da ba a kaɗa ta da shi ba.