Tallafin da ake kawo wa mata a Maraɗi: wanne ke tsayawa bayan furoje ya tafi?

Me ake nufi da tallafin daidaito tsakanin maza da mata?

Kuɗi ne da ƙasashen waje, Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke zubawa ta hannun gwamnati ko ƙungiyoyi masu zaman kansu, don mace ta samu jari, gona, karatu da bakin magana. Misali shi ne shirin SWEDD na Bankin Duniya da aka soma a 2015, wanda ya yi ƙoƙarin riƙe 'yan mata a lakkol.

Wane tsari ne ya fi ɗorewa?

Mata Masu Dubara, wato asusun zubi da bashi na mata, kuma a nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta soma shi a 1991, kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Sirrinsa shi ne ba a kawo ko dala daga waje, horo kawai ake bayarwa. Mata 15 zuwa 30 da suka san juna ke haɗuwa, su zaɓi shugaba, magatakarda, ma'aji da masu ƙirga. Akwati na da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa bisa tabarma.

A ce mata 25 ne, kowacce na zuba dala hamsin, wato sefa 250, a mako. Sefa 6,250 ke nan duk mako, 325,000 a shekara. Daga ciki ake ba da bashi na wata ɗaya zuwa uku: mai kuli-kuli ta ɗauki jika goma ta sayi gyaɗa, ta soya, ta matse mai, ta maido da ɗan ƙarin da ƙungiya ta yanke. Akwai ƙaramin asusu na daban don rashin lafiya ko rasuwa. Bayan kamar shekara sai a fasa akwati a raba gwargwadon zubin kowa. Inda ake ƙyamar ƙarin saboda riba, ƙungiya kan sayi gero da kaka, ta ajiye, ta sayar da bazara a raba abin da aka samu.

To me ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi?

Babban abu shi ne a zuba musu kuɗin waje da wuri. Da zarar an ji "kuɗin furoje ne", biyan bashi ya yi sanyi, don ba wadda ke jin guminta ne. Sai bashin da mace ta ɗauka da sunanta amma maigida ya karɓe, ita kuma ta kwana da nauyin biya. Akwai kuma matsalar rubutu: idan mutum ɗaya tak ta iya karanta littafin, amana ta rataya a wuyanta. Shi ya sa yaƙi da jahilci bai kamata ya rabu da asusu ba.

Rabon awaki fa?

Ya samo asali daga habbanaye na Fulani: a ba mace akuya, ta haihu, ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga wata. Jar akuyar Maraɗi ta dace da wannan, cikinta wata biyar ne kuma takan yi tagwaye. Amma idan an raba ba tare da allurar rigakafi ba, ko tsakiyar rani lokacin da babu harawa da dusa, kafin damina an sayar ko sun mutu.

Me ya sa ake yawan maganar gona?

Saboda ƙasa ta yi ƙaranci a kudancin Maraɗi. Gamanar da miji ke yankar wa matarsa daga gandu aro ce. Saki ko rasuwa na iya raba ta da ita, bayan ta shekara tana zuba taki. Musulunci ya ba mace gādo, kuma dokar karkara ta 1993 ta buɗe hanyar kafa kwamitocin filaye. Wadda ta gada, ta saya, ko aka ba ta kyauta, ta je wurin maigari da shaidu a rubuta takarda, ta kai kwamitin filaye na komin a shigar. Haka ma ƙungiyar da aka ba fadama: a rubuta shekarun aron tun kafin a haƙa rijiya.

Ina matsayin maza a ciki?

Ba a tsallake su. Makarantar mazaje da aka fara a Damagaram da taimakon UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ta nuna cewa magidanci ya fi jin maganar ɗan'uwansa magidanci. A zauna da maigari, liman da mazajen tun kafin zubin farko, a yi magana a fili kan lokacin taro, zuwa kasuwa, da hannun wanda kuɗin zai zauna.