Yaro ya yi nauyin baki ko ƙiriniyarsa ta yi yawa: ta ina za a fara bincike?

An ce babansa ma bai buɗe baki da wuri ba. Mu jira?

A'a. In yaro ya kai wata 18 ba ya furta kalma ko ɗaya, ko ya shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu kamar "Mama zo", a kai shi asibiti. In kuwa ya taɓa magana sannan ta ɗauke, wannan ba a kwana da shi.

Wane gwaji ne na farko?

Na kunne. Yaron da ba ya ji ba zai waiwayo in an kira sunansa ba, ba zai yi magana ba, takaici kuma zai sa shi ihu da jifa. Nan da nan sai a ce taurin kai ne ko galahanga, wato larurar da ake kira autism, mai wahalar wa yaro da magana da cuɗanya da mutane. Sanƙarau yana kashe kunne, haka ma shawarar jarirai in ta yi tsanani. Uwa ta tuna duk ciwon da ya yi tun daga haihuwa, har da ko ya yi kuka da ya faɗo.

Me ya sa wannan likita ya ce kaza, wancan ya ce kaza?

Alamomin ne suke shiga juna. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da galahanga. Sai an zauna an kalli yaron. Yana nuna abu da yatsa? Yana haɗa ido? Yana jera murafan kwalba ya yi ta kuka in an taɓa? Rashin natsuwa da ake kira ADHD kuwa sai an ga halin a gida da makaranta duka. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayarwa: yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, malami ya zane shi a kan rashin ji. Gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ita ma tana dakushe ƙwaƙwalwa. Wani yaron ma larura biyu gare shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in an yanke wa yaro hukunci cikin minti biyar.

Wa za mu gani?

Likitan yara tukuna, shi zai tura ku wajen ƙwararre. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Ku ɗauki bidiyon abin da yake yi a waya, don a gaban likita yana iya yin tsit. Ku riƙe katin rigakafi da bayanin malaminsa. In ba ku gamsu ba, neman likita na biyu ba laifi ba ne.

Idan dangi sun ce shafar aljanu ce fa?

A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya. Amma kar a yarda da duka, ɗauri ko turaren barkono, kuma kar a dakatar da maganin farfaɗiya ba da izinin likita ba.