Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta gida

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta gida shiri ne na kwamfuta da ke sa mutum a kujerar matuƙi yana zaune a ɗakinsa. Tana nuna masa agogunan jirgi da filin tashi da sararin sama, tana kuma lissafa yadda iska da nauyi da ƙarfin inji za su juya jirgin duk lokacin da ya taɓa sandar tuƙi. Masu harkar sukan ce mata "similata". Wasu na ɗaukarta wasa, wasu kuma karatu, musamman matasan da ke mafarkin shiga makarantar tuƙin jirgi.

Asali

Tun kafin kwamfuta akwai na'urar koyon tuƙi a ƙasa. A 1929 Edwin Link, Ba'amurke, ya ƙera wani akwati mai motsi da aka horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta gida kuwa ta samo tushe daga aikin Bruce Artwick da kamfanin subLOGIC a ƙarshen shekarun 1970, kuma daga nan Microsoft Flight Simulator ta fito a 1982.

Manyan manhajoji

Huɗu ne aka fi sani. Microsoft Flight Simulator ce mafi daɗewa. Fitowarta ta 2006, wadda ake kira FSX, ta yi tsawon rai fiye da yadda aka zata: an rufe sashen da ya rubuta ta a 2009, amma aka sake sakinta a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a 2014, kuma har yau tana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Daga zuriyarta ne kamfanin Lockheed Martin ya fitar da Prepar3D a 2010, domin horo. Sabon zubi ya zo a watan Agusta na 2020 daga hannun Asobo Studio na birnin Bordo a Faransa, wani kuma ya biyo a Nuwamba 2024. Waɗannan biyun suna ɗauko hoton ƙasa daga taswirar Bing ta intanet yayin da jirgi ke tafiya.

X-Plane ta Austin Meyer ce da kamfaninsa Laminar Research, ta fara fitowa a 1995, fitowarta ta 12 kuma ta zo a ƙarshen 2022. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. FlightGear kyauta ce, ƴan sa-kai ke gina ta tun 1997. DCS World ta Eagle Dynamics ta karkata ga jiragen yaƙi. Tushenta kyauta ne da jirage biyu, sauran irin su A-10C da F/A-18C saya ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Halin jirgi a cikin iska

Nan ne ainihin bambancin yake, kuma nan ne gardamar masu harkar ba ta ƙarewa. FSX da Prepar3D suna aiki da jadawalin alƙaluma: wanda ya gina jirgin ya riga ya rubuta cewa in hanci ya ɗaga kaza a gudu kaza, fiffike zai ba da ɗagawa kaza. Muddin jirgi na tafiya cikin hankali, wannan hanya tana fitar da gudu da shan mai daidai da littafin jirgin. Matsalarta tana bayyana a bakin iyaka, inda jadawalin ya ƙare, sai jirgin ya riƙa tafiya kamar an ɗora shi a kan layin dogo.

X-Plane ta bi wata hanya. Tana yanka fiffike da farfela da wutsiya gunduwa-gunduwa, ta lissafa iskar da ke bugun kowane yanki sau da yawa a daƙiƙa guda, sannan ta haɗa. Saboda haka surar jirgin ce ke haifar da halinsa. Mutum na iya zana nasa a Plane Maker, manhajar zana jirgi ta X-Plane, ya ga ko zai tashi. Jirginta ya fi rai a hannu, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Microsoft ta 2020 ta matso kusa da wannan tsari, tana lissafi a kan ɗaruruwan wurare a jikin jirgi. FlightGear kuwa tana da duka biyun, JSBSim mai jadawali da YASim mai bin sura.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da ke cikin kusan kowace manhajar farar hula, a ajiye shi a filin jirgin Zinder, wanda lambarsa DRZR ce. Da an tura mai gaba ɗaya, jirgi mai kyau zai ja hagu saboda juyin farfela, dole a danna takalmin dama, wato matakin ƙafa mai juya wutsiya, don ya tsaya kan layi. A sama, in aka rage mai aka yi ta jan sanda, ƙahon gargaɗi zai yi kuka, iska ta suɓuce daga fiffike, hanci ya faɗi. Wajen sauka kuma, dab da ƙasa, zai ɗan yi shawagi kamar an sa masa matashi. Jirgin da bai nuna ko ɗaya cikin ukun nan ba, kyan fenti kawai gare shi.

Sai batun zafi, wanda ɗan Damagaram ya fi kowa sani. Filin Zinder yana kusan mita 460 sama da teku. A tsakar ranar Afrilu, in awon zafi ya kai 42, iska takan yi sirara har fiffike da inji su ji kamar suna wajen mita 1,500. Gudun ƙasa kafin tashi ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Manyan manhajojin duka suna lissafa wannan, kuma wanda ya gwada tashi ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, da mutum huɗu a ciki, zai ga bambancin da idonsa. Hazon hunturu ne ba su cika kamawa ba. Suna karanta METAR, wato rahoton yanayi na filayen jirgi, su rage nisan gani, amma yawanci farin hazo suke zanawa, ba jar ƙurar da ke rufe gari a Janairu ba.

Kayan ɗori

Kaɗan ne ke tsayawa kan abin da manhaja ta zo da shi. Ana ɗora jirage, filaye, yanayi da taswirar hanya. Cikin na kuɗi, Boeing 737 na PMDG da Airbus A320 na Fenix sun yi suna domin kusan kowane maɓalli yana aiki, har sai mutum ya bi takardar tayar da inji layi-layi. Cikin na kyauta akwai A32NX na FlyByWire a Microsoft, da 737 na Zibo a X-Plane, waɗanda ba su jin kunyar tsayawa kusa da na kuɗi. SimBrief na tsara hanya da yawan mai, Navigraph na sabunta bayanan hanyoyin sama da ake canzawa duk kwana 28. IVAO, tun 1998, da VATSIM, tun 2001, suna haɗa matuƙa da masu ba da umarni na sa-kai ta murya.

Ta fuskar ƙasa, Sahel ba ta samu rabon Turai ba. Biranen da aka zana gini-gini daga hoton sama yawancinsu a Amurka da Turai da Japan suke. A Zinder, kwamfuta ce ke ƙiyasta gini daga hoton tauraron ɗan adam, don haka tsarin tituna kan fito daidai, amma kada a sa ran ganin zanen bangon Birni ko ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Duk da haka ana iya kama hanyar Matamai zuwa Daura da ido a sauka Kano, tafiyar kusan kilomita 200, sa'a guda a Cessna. Masu X-Plane kan gyara ƙasa da Ortho4XP, kuma duk mai haƙuri na iya zana filin garinsu da WorldEditor ya aika a sa shi cikin manhajar.

Zaɓi

A ƙasashen da intanet ke zuba kamar ruwan famfo, kyan hoto ne ke raba gardama. A Damagaram lissafin daban ne. Microsoft ta 2020 ta haura gigabait 100 wajen saukewa, ta 2024 kuma ta fi dogara da intanet a kowace tafiya. Mai sayen forfe, wato datar intanet, zai ji a jikinsa. X-Plane tana barin mutum ya sauke yankin da yake so kaɗai, sannan ta yi aiki ba layi. FlightGear da FSX su ne abokan tsohuwar kwamfuta. Zafi ma na da nasa hukunci, domin kwamfutar hannu kan rage gudu in ta ɗau zafi, hoto ya riƙa tsinkewa daidai lokacin sauka, ga kuma ɗaukewar wuta ga mai doguwar tafiya zuwa Yamai.

Cikin kayan hannu, sandar tuƙi ko da mai araha ce ta fi kowane jirgin kuɗi amfani, sai takalman juya wutsiya. Abin da babu manhajar gida da ke bayarwa shi ne motsin jiki, wato nauyin da matuƙi ke ji a kujera in jirgi ya karkata. Sa'o'in da aka yi a ɗaki kuma ba sa shiga littafin matuƙi. Hukumomin jiragen sama suna ƙirga na'urar da suka tantance ne kawai, yawanci tare da malami.