Pepin Gajere: Yadda Waziri Ya Hau Gadon Sarautar Farankawa

Wane ne Pepin Gajere, kuma ina ƙasarsa take?

Pepin ya sarauci Farankawa daga shekarar 751 zuwa 768 Miladiyya. Farankawa su ne mutanen da Larabawa ke kira Ifranj, kuma daga sunansu aka samo sunan Faransa. Ƙasarsu a lokacin ta haɗa yawancin Faransa ta yau da Beljiyam da yammacin Jamus. An haife shi wajen 714. Mahaifinsa shi ne Shal Martel, wanda ya gwabza da rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi a yaƙin Balaɗus Shuhada a 732, ɗansa kuwa shi ne Sharlaman. Shaharar uban da ta ɗan ta danne tasa, alhali shi ne ya kafa sarautar gidansu.

Laƙabin Gajere ba a zamaninsa aka laƙa masa ba. Fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa wani marubuci ya kawo labarin cewa hakimai suna raina shi saboda tsayinsa, sai ya sa aka saki zaki a kan bijimi, ya ce wani ya shiga ya raba su. Kowa ya noƙe, shi ya sauka da takobi ya sare wuyan zakin. Wannan da tatsuniya ya fi kama.

Idan mahaifinsa ba sarki ba ne, wa ke sarauta?

Sarauta tana gidan Merobek, zuriyar Kulobis wanda ya mutu a 511. Alamarsu dogon gashi, ba sa aski, don haka aske ɗan gidan daidai yake da tuɓe shi. Kakannin Pepin kuwa suna riƙe da muƙamin da asalinsa kula da gidan sarki ne, abin da za mu iya kira wazirin fada. A hankali baitulmali da runduna da rabon gonaki suka koma hannun waziri. Tun da kakan Pepin ya ci yaƙin Tertry a 687, gidansu ne ke juya ƙasar.

Einhard, marubucin tarihin Sharlaman, ya siffanta sarakunan ƙarshe na gidan Merobek da cewa ba su da komai sai suna da gashi da gemu, ana ɗauko su a amalanken shanu zuwa taron shekara, su faɗi abin da aka biya musu, a mayar da su gida. Sai dai a tuna Einhard a fadar jikokin waziran ya ci ya sha, ba za a rasa gishiri a maganarsa ba. Abin da ya tabbata shi ne da Sarki Teuderik na Huɗu ya mutu a 737, Shal Martel bai naɗa kowa ba, ya ci gaba da mulki gado na nan ba kowa har ya mutu a 741.

To me ya hana su ɗauke sarautar tun da wuri?

An taɓa gwadawa, ba a ji da daɗi ba. Wajen shekarar 656 waziri Grimoald, kawun kakan Pepin, ya aske yarima mai jiran gado ya tura shi Ailan, ya ɗora ɗansa na cikinsa. Manyan ƙasa suka kama shi, ya ƙare a kurkuku a Paris. Gidan bai manta ba.

Sannan Pepin ba shi kaɗai ya gaji uban ba. Yayansa Karloman ya ɗauki gabas, shi ya ɗauki yamma da Bagandi da Provence. Akwai kuma Grifo, ɗan ubansu, wanda suka yi wa ƙawanya a Laon suka tsare. Da shugabannin Akwiten da Babariya da Alemaniya, yankunan da ke ƙarƙashin Farankawa, suka fara bore, suna ganin ba su da dalilin bin 'ya'yan waziri tunda babu sarki, dole 'yan'uwan suka nemo wani ɗan gidan Merobek, Kilderik na Uku, suka naɗa shi a 743. Hanya ba ta buɗe wa Pepin ba sai a 747, lokacin da Karloman ya ajiye mulki ya tafi Italiya ya shiga zuhudu. Ya bar ɗa mai suna Drogo, Pepin ya ture shi gefe.

Ta wace hanya ya bi har aka naɗa shi a 751?

Ƙarfi yana da shi, abin da ya rasa shi ne hujjar da za ta sa hakiman da suka yi wa Kilderik rantsuwa su warware ta ba tare da an kira su maciya amana ba. Don haka ya fara da neman abin da za mu kira fatawa. Ya aika mutum biyu zuwa Roma wurin Paparoma Zakariya: Burkard, bishop na Würzburg, da Fulrad, limamin fadarsa. Tambayar da suka kai an tsara ta yadda amsa ɗaya kawai za ta karɓa: shin daidai ne a kira mutum sarki alhali ba shi da ikon sarauta? Paparoma ya ce gara a kira mai ikon da sunan sarki. Littafin tarihin fada da ya kawo wannan labari an rubuta shi kusan shekara arba'in bayan faruwar abin, shi ya sa wasu masana ke ganin an yi masa kwalliya.

Da amsar ta iso, aka tara manyan Farankawa a Soissons a ƙarshen 751 suka zaɓe shi bisa al'adarsu. Aka aske Kilderik aka kai shi gidan zuhudu na Saint-Bertin, aka aske ɗansa aka kai shi wani gidan dabam. Ba a kashe su ba, don askin ya wadatar. Daga nan malaman coci suka keɓe sabon sarki, suka shafe shi da mai. Shafe sarki da mai, kamar yadda littafin Kiristoci ya ce an yi wa Saul da Dawuda, ba al'adar gidan Merobek ba ce, su jininsu ne hujjarsu. Wanda ba shi da jinin sai ya nemi wata hujjar daga sama.

Me ya sa aka sake shafe shi a 754?

Saboda naɗin farko bai rufe bakin 'yan gida ba, kuma Paparoma ma ya shiga matsi. A 751 ɗin nan Aistulf, sarkin Lambardawa masu mulkin arewacin Italiya, ya ƙwace Ravenna, cibiyar mulkin Rumawa a Italiya, ya fara neman haraji daga Roma. Sarkin Rum da ke Ƙusɗanɗiniya bai aiko da ko soja ɗaya ba. Sabon Paparoma, Istifanus na Biyu, ya ƙetare duwatsun Alps cikin tsananin sanyi, abin da babu Paparoman da ya taɓa yi don zuwa ƙasar Farankawa. Suka haɗu da Pepin a Ponthion ranar 6 ga Janairu 754.

Ciniki aka yi, kowa ya san abin da ya zo saye. A watan Yuli, a cocin Saint-Denis, Paparoma ya shafe Pepin da 'ya'yansa biyu, Shal (wato Sharlaman) da Karloman ƙarami, ya ba su laƙabin masu kare Romawa, ya kuma haramta wa Farankawa zaɓen sarki daga wani tsatso ban da na Pepin, wanda ya saɓa a kore shi daga coci. Wannan sharaɗi ba gidan Merobek kaɗai ya rufe wa ƙofa ba, har da 'ya'yan yayansa. Karloman babba ma ya baro gidan zuhudu na Monte Cassino ya zo ya hana yaƙi da Lambardawa. Aka tsare shi a Vienne, can ya mutu, aka aske 'ya'yansa. Grifo kuwa an riga an kashe shi a 753 a hanyarsa ta zuwa wurin Lambardawa.

Shi kuma da me ya biya?

Da yaƙi biyu. Hakimansa da yawa ba su so ba, domin Lambardawa abokan mahaifinsa ne, sai da aka sha taro kafin su yarda. A karon farko ya yi wa Aistulf ƙawanya a Pavia, ya karɓi rantsuwa da mutanen garkuwa, ya koma gida. Nan ne kuskuren: bai bar runduna ba, bai tsaya ya ga an miƙa garuruwan ba. Yana juya baya Aistulf ya warware, a Janairun 756 ya yi wa Roma kanta zobe.

Karo na biyu Pepin ya canza salo. Ya karɓi kashi ɗaya cikin uku na taskar Lambardawa, ya ɗora musu haraji, ya kuma bar Fulrad ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, fiye da ashirin, yana karɓar mabuɗan ƙofofinsu. Aka ajiye mabuɗan da takardar kyauta a kan kabarin Bitrus, almajirin Annabi Isa, a Roma. Jakadun sarkin Rum sun zo suna cewa Ravenna tasu ce a mayar musu, Pepin ya ƙi. Wannan kyauta ce tushen ƙasar da Paparoma ya mulka a tsakiyar Italiya har 1870.

Yaya mu'amalarsa da Musulmi ta kasance?

Fuska biyu gare ta. Musulmin Andalus suna riƙe da Narbonne, wadda suke kira Arbuna, tun wajen 720. A 752 wani hakimin Gotawa, Kiristocin da ke zaune a yankin, ya miƙa wa Pepin Nîmes da Agde da Béziers da Maguelone, amma Arbuna mai ganuwa ce, ga tallafi na shigo mata ta teku, sai da ta yi shekara bakwai tana turjiya. Ba da tsani aka ci ta ba. An yi wa Gotawan cikin gari alkawarin za a bar su da dokokinsu, su kuma suka far wa dakarun da ke tsaron garin suka buɗe ƙofa a 759. Daga nan mulkin Musulmi a arewacin duwatsun Pyrenees ya ƙare.

Ɗaya fuskar kuma, a 765 ya aika jakadu wurin Halifa al-Mansur na Abbasiyawa, wanda bai daɗe da kafa Bagadaza ba. Bayan shekara uku suka sauka a Marseille tare da jakadun halifa da kyaututtuka, baƙin suka ci hunturu a Metz. Dalilin a fili yake: tun 756 Abdurrahman ad-Dakhil, ɗan gidan Umayyawa, ya kafa mulki a Ƙurɗuba, maƙwabcin Pepin ne kuma abokin gabar al-Mansur.

Wane yaƙi ya fi ba shi wuya?

Na Akwiten, kudu da kogin Loire, daga 760 zuwa 768. Shugabanta Waiofar ba ya yarda a yi gaba da gaba, sai ya shige garuruwa masu ganuwa. Pepin ya riƙa fita kusan kowace shekara, yana ƙona gonaki da garkunan inabi, yana cin garu ɗaya bayan ɗaya. An ƙona Clermont a 761, Bourges ta faɗi a 762. Darasin Pavia ya zauna masa, yanzu garun da ya ci sai ya gyara shi ya zuba nasa dakarun. A 763 ɗan 'yar'uwarsa Tassilo na Babariya ya janye mutanensa daga sansani ya koma gida, yaƙin ya tsaya cik na wani lokaci. A ƙarshe mutanen Waiofar ne suka kashe shi a 768.

Irin wannan yaƙi na doki ne. A 755 aka ɗage taron runduna na shekara daga Maris zuwa Mayu, masana da yawa na ganin don a jira ciyawa ta fito ne dawakai su sami abin ci a hanya. A 758 kuma ya ɗora wa Saksawa, mutanen arewacin Jamus, harajin doki 300 duk shekara, a da shanu 500 suke bayarwa.

Me ya gyara a cikin gida?

Kuɗi ne babba. Kafin shi ɗaruruwan maƙera da gidajen coci suna buga sulallansu, kowa da sunansa da nauyinsa. Wajen 755 ya yi doka cewa daga fam ɗaya na azurfa kada a fitar da fiye da sule 22, maƙeri ya ɗauki ɗaya ladansa, mai azurfa ya karɓi sauran. Sulen nan lissafi ne kawai, ba a buga shi. Abin da ake bugawa ƙaramin dinari ne na azurfa mai nauyin wajen giram 1.3, guda 12 ne sule ɗaya, wato 264 ke nan a fam. Aka kuma sa sunan sarki a jiki. Sharlaman ya zo ya tsayar da shi a sule 20, kuma wannan lissafi ne ya bi ta Ingila ya iso Najeriya: kwabo 12 sule, sule 20 fam, har zuwan naira a 1973.

A ɓangaren coci, gidansu ya daɗe yana raba wa mayaƙa gonakin coci, kuma ƙwace su zai rusa runduna. Sai aka bar gonakin a hannunsu a matsayin aro suna biyan coci haya, daga baya kuma Pepin ya mai da ushirin amfanin gona wajibi a kan kowa.

Yaya ya ƙare, kuma wa ya gaje shi?

Ciwo ya kama shi a Saintes jim kaɗan bayan kashe Waiofar, irin wanda ke tara ruwa jiki ya kumbura. Aka bi da shi ta Tours zuwa Saint-Denis, inda aka yi masa tarbiyya yana yaro, ya mutu ranar 24 ga Satumba 768 yana da shekara wajen 54. Duk da abin da ya gani tsakaninsa da 'yan'uwansa, bai bar al'adar raba ƙasa kamar gadon gona ba. Ranar 9 ga Oktoba aka naɗa Shal a Noyon, aka naɗa Karloman a Soissons. Ba su jitu ba, tun a shekarar farko ƙanen ya ƙi taya yayansa murƙushe sabon bore a Akwiten. Karloman ya mutu a Disambar 771, Shal ya haɗe ƙasar, matar mamacin ta kwashi 'ya'yanta ta gudu wurin Desiderius, sarkin Lambardawa.