Waiwaye: Kuɗin 911 a Amurka, daga takardar waya zuwa baitulmali

Duk mai layin salula na biyan wata-wata a jihar New York, ciki har da 'yan uwanmu Hausawa da ke zaune a Bronx, yana biyan dala 1 da senti 20 a kowane wata a kan kuɗin wayarsa. Kamfanin waya ne ke karɓa ya miƙa wa jiha. Mutane sun ɗauka kuɗin na kula da lambar kiran gaggawa ta 911 ne, amma dokar jihar da kanta ta ce kashi 41.7 cikin 100 ya wuce kai tsaye zuwa babban asusun gwamnati, inda zai cakuɗe da sauran haraji. A kan wannan ake ta ja-in-ja fiye da shekara ashirin.

Birtaniya ce ta fara ware lamba guda don neman agaji, wato 999, a birnin Landan a 1937. Amurka ba ta bi sahu ba sai 1968, lokacin da kamfanin waya na AT&T ya zaɓi 911, aka kuma yi kiran farko ranar 16 ga Fabrairu a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Sai dai tun daga tushe ba gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyin aikin ba. Ƙananan hukumomi da birane su ne ke buɗe cibiyoyin amsa kira, su ɗauki ma'aikata, su haɗa mai kira da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Yau cibiyoyin sun kusa 6,000. Don a riƙe su ne jihohi suka ɗora ɗan kuɗi a kan kowane layin waya, kowace jiha da nata farashin da kuma nata tsarin rabo.

Zamanin wayar girke abin bai da wuya. Layi na manne da gida, don haka da an kira adireshi zai bayyana a gaban ma'aikaci. Salula ce ta zo ta dagula lissafi. A 1996 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta wajabta wa kamfanoni su riƙa aiko da lambar mai kira da kuma wurin da yake, amma hakan ba ya amfani sai cibiyar ta sayi na'urorin da za su karɓi bayanin. Da wannan hujja jihohi suka faɗaɗa kuɗin zuwa kan salula. Layuka suka yi ta ƙaruwa, asusun ya yi ƙiba, idon masu tsara kasafi kuwa ya kai kansa.

New York ta fara karɓar senti 70 a 1991. A 1993 aka sace wata budurwa 'yar shekara 18 a yankin Rochester. Ta samu ta danna 911 a wayar motarta, ma'aikacin yana jin abin da ke faruwa amma bai san inda take ba, har aka kashe ta. Mahaifinta, David Koon, ya shiga siyasa, ya zama ɗan majalisar jiha, ya mai da wannan batu babban aikinsa. A 2002 binciken kuɗi na jihar ya gano cewa 'yan sandan jiha, waɗanda ake ba kuɗin, sun kashe wani ɓangare wajen wankin kaya da tafiye-tafiye da sauran hidimomin ofis. A watan Janairun 2003 wasu samari huɗu suka shiga ƙaramin kwale-kwale kusa da City Island a Bronx, ruwa ya fara cin su, ɗayansu ya kira 911 na 'yan daƙiƙoƙi. An yi sakaci wajen isar da kiran ga masu ceto, wannan gaskiya ne, amma kuma birnin bai da na'urar gano inda wayar take, bayan an shafe sama da shekara goma ana karɓar kuɗinta. Dukansu huɗun suka rasu.

Majalisar dokokin tarayya ta fara da lallami. Dokar 2004 ta ce jihar da ta karkatar da kuɗin 911 ba za ta samu tallafin tarayya na inganta cibiyoyi ba. Amma tallafin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da jiha ke kwashewa, saboda haka babu wanda ya razana. A 2008 aka koma ga kunyatarwa: wata sabuwar doka ta ɗora wa FCC aikin kai wa majalisa rahoto duk shekara kan nawa aka tara, kuma ina suka tafi. Rahoton da ya duba 2017 ya nuna an tara kusan dala biliyan 2.9, an karkatar da kusan miliyan 285. Daga 2012 zuwa 2018 jimillar ta haura dala biliyan 1.2. Sunaye uku ne suka riƙa dawowa: New York, New Jersey da Rhode Island. New Jersey, mai karɓar senti 90 tun 2004, ta sha kashe mafi yawan kuɗin a wasu wurare, musamman ayyukan 'yan sandan jiha, yayin da ƙananan hukumomin da ke amsa kiran suke riƙe cibiyoyinsu da harajin gidaje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani kwamishinan FCC, Michael O'Rielly, ya sa gwamnonin a gaba da wasiƙu da jawabai. Rhode Island ta gyara dokarta a 2019, ta ware wa 911 asusunsa na kansa. New York kuwa hujjarta ita ce kuɗin nata sunansa kuɗin sadarwar tsaron jama'a, ba kuɗin 911 ba, don haka bai shiga lissafin ba. A ganina wannan wasa ne da suna, amma a cikin gardamar akwai tambaya ta gaske: ina aikin 911 ya tsaya? Rediyon da ma'aikacin cibiya ke magana da motar kashe gobara yana ciki? To hasumiyar rediyon fa? Motar fa? Jihohi irin su West Virginia da Nevada a wannan gaɓa suka shiga jerin, Nevada saboda an sayi kyamarorin da 'yan sanda ke maƙalawa a jiki.

A ƙarshen Disamban 2020 majalisa ta umarci FCC ta ja layin, hukumar kuma ta fitar da ƙa'idojin a Yunin 2021. An halatta kashe kuɗin a kan ginin cibiya da na'urorinta, albashi da horar da masu amsa kira, da hanyoyin da ke haɗa su da masu kai ɗauki. An haramta zuba su a babban asusu, ko sayen motoci da bindigogi da rigunan sulke. An kuma toshe ƙofar sauya suna: kuɗin da aka laƙaba wa "tsaron jama'a" yana cikin hukuncin muddin 911 na cikin abin da aka ce ana karɓarsa dominsa.

Abin da dokar ba ta bayar ba shi ne bulala. FCC ba ta cin jiha tara a kan wannan, domin haraji da kasafi hurumin jihohi ne. Babban hukuncin shi ne jihar da ke karkatarwa ta rasa kujera a kwamitocin ba da shawara na hukumar. Rahotannin da suka biyo bayan ƙa'idojin sun ci gaba da ambaton New York da New Jersey da Nevada, a daidai lokacin da cibiyoyi ke neman biliyoyin daloli don komawa tsarin intanet mai karɓar saƙon rubutu da hoto da bidiyo. A Yulin 2022 aka ƙaddamar da 988, lambar masu fama da matsananciyar damuwa da tunanin kashe kai. Dokarta ta ba jihohi damar ɗora nata kuɗin a kan layin waya, ta kuma sa FCC ta riƙa kai rahoton shekara-shekara kan inda su ma suke tafiya.